Alhakin Ginin da Ba Ya Zaunuwa Sai da Wuta

Duk wanda ya tashi a gidan tarbiyya ya san cewa ɗan kwangilar da ya rage siminti, ya ƙara yashi, ya sa siririn rodi a inda ake buƙatar mai kauri, har gini ya rufta kan bayin Allah, ya ɗauki alhaki. Wannan ba ya buƙatar fatawa. Haka ma jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu a kan aikin da bai duba ba. Tambayar da ta daɗe tana damuna ta fi wannan wuya. A ce ga gini an yi shi tsakani da Allah, ba a ci ko kwabo ba, siminti ya ji, rodi ya cika, zai shekara ɗari bai tsage ba. Amma da zarar an ɗauke wuta, ba mai iya zama a cikinsa. Shin wanda ya zana shi, da waɗanda suka zauna suka amince da zanen, akwai abin da ke wuyansu gobe kiyama?

Amsata ita ce akwai. Ni injiniya ne a sashen ayyuka da gyare-gyare na wata jami'a a Arewa, kuma ɗan abin da na sani na addini a zaure na same shi gaban malaman unguwarmu, daga Ahalari zuwa Iziyya zuwa Risala. Aikinmu yana farawa ne ranar da aka buɗe gini, manyan baƙi suka watse, aka naɗe rumfuna, aka miƙo mana makullai. Daga ranar, duk wanda zafi ya dame shi, ko rufi ya yi masa yoyo, ko famfo ya ƙafe, ƙofarmu yake ƙwanƙwasawa. Saboda haka mun san gine-gine ta fuskar da masu zana su ba kasafai suke gani ba.

Akwai wani babban ɗakin lacca a wurinmu da kowa ke yabawa in ya hango shi daga titi. Gabansa gilashi ne mai shuɗi tun daga ƙasa har sama, kuma an juya shi yamma ne domin ya fuskanci babbar hanya. Tagoginsa na alminiyam ne masu zamewa, waɗanda rabinsu kawai ke buɗuwa. Kafin a kafa harsashinsa an sare maɗatai da darbejiyoyin da ke wurin, aka shimfiɗe filin da intalok. An jera na'urorin sanyaya ɗaki a jikin bango, kuma ranar buɗewa sun yi aiki har wasu baƙi na cewa sanyin ya yi yawa. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, an kira ni wurin da misalin ƙarfe uku na yamma. Babu wuta, babu man janareto. Rana ta karkato ta shigo ta gilashin kai tsaye har layin kujeru na tsakiya, ɗakin ya zama kamar motar da aka ajiye a rana aka ɗage gilasanta. Ɗalibai sun takure a gefen da hasken bai kai ba, kowa yana fifita da littafinsa, gumi yana ɗiga kan takarda yana jiƙa rubutu. Ina tsaye aka fito da wata yarinya ranga-ranga, ƙawayenta suna yayyafa mata ruwa. Malamin ya dube ni ya ce, “Injiniya, me za ku yi mana?” Babu abin da zan iya yi, domin matsalar ba ta cikin abin da ake gyarawa da sifana. Tana cikin zanen.

Abin lura shi ne, masu yanke hukunci daban, masu ɗaukar nauyinsa daban. Fuskar da gini zai kalla, da yawan gilashinsa, da tsawon silinsa, ana gama maganarsu cikin zama ɗaya ko biyu na kwamiti. Sakamakon kuwa yana kan mutanen da ba su halarci zaman ba: ɗalibin da zai rubuta jarrabawa a ciki, da mai shara, da masinja, da malamin da zai yi awa biyu a tsaye, shekara bayan shekara har ginin ya tsufa. Yawancin sababbin gine-ginen jami'o'in gwamnati a Najeriya da kuɗin asusun TETFund ake yin su, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai kuɗin gini sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa duk wata ne, kuma daga aljihun jami'a yake fita. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku na da, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka shiga kuka. Kuɗin da ya tafi wuta da man dizal, shi ne kuɗin da bai tafi littattafai da sinadaran ɗakin gwaji ba. In abin ya ci tura, a ƙara wa ɗalibai kuɗin rajista, ɗan talaka ya tattara ya koma gida. Tsakanin tagar da aka sa a yamma da yaron da ya bar karatu akwai igiya, ko da ba a ganinta.

Addininmu bai ƙyamaci gini ba. A Suratu Hudu, Annabi Salihu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tuna wa mutanensa cewa daga ƙasa aka halicce su, kuma aka ɗora musu rayar da ita. A Suratun Nahli, inda Allah ke jero ni'imominSa, ya ambaci gidaje a matsayin wurin natsuwa, ya ambaci inuwa, ya ambaci tufafin da ke kare mutum daga zafi. Wanda ya yi bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ya san dalilin da ya sa aka lissafa inuwa cikin ni'imomi. A Suratush Shu'ara'i kuma, Annabi Hudu ya zargi Adawa da kafa manyan gine-gine a kan kowane tudu don wasa da nuna isa. Ba a zarge su da cewa ginin bai yi ƙarfi ba, ƙarfi ai shi ne abin da suka yi fice da shi. An zarge su ne a kan manufa. Idan aka haɗa waɗannan, ma'aunin ya fito fili: gini na gari shi ne wanda ke ba mutum natsuwa da inuwa, ya raya wurin da aka kafa shi. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, kuma daga cikinsa ilimin da ya cika duniya ya fito.

Sai batun almubazzaranci. Alƙur'ani ya hana ɓarna a ci da sha, ya kuma danganta masu watsa dukiya a banza da shaiɗanu. Tun muna yara aka koya mana cewa ko a bakin kogi mutum yake alwala, ba a so ya wuce kima wajen zuba ruwa. Idan ibada kanta ba ta halatta ɓarna ba, to ina ga ado? Amma almubazzarancin gini yana da wata siffa da ta sa ya fi ba ni tsoro. Wanda ya yi ɓarna a biki, kwana biyu ne an wuce wurin. Wanda ya zana ginin da ba ya zaunuwa sai da na'ura, ya ɗora wa na bayansa ɓarnar da ba su da ikon dainawa. Ko shugaban jami'ar da zai zo nan gaba ya fi kowa tsantseni, dole ya sayi dizal, ko ya rufe ɗakin. Mun yarda cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya gina makaranta ladansa na gudana bayan ransa, kuma an gargaɗe mu cewa mummunar hanyar da mutum ya kafa ita ma tana bin sa muddin ana tafiya a kanta. Ban ga dalilin da zai sa mu riƙe rabin farko na wannan magana mu saki na biyu ba.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi zurfi a hukunce-hukuncen gini, a ƙarƙashin ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa. A birnin Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai kan tura ya duba rigingimun gine-gine, kuma ya bar littafi sukutum a kan wannan fanni. Abubuwan da ake kawo ƙara a kansu sanannu ne a wurinmu har yau: tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, hayaƙin gidan burodi, indararon da ke zuba a bangon wani, turken dabbobi da aka kafa jikin katangar mutane. Abin da suka tsaya a kai shi ne, mallakar fili ba ta ba ka damar cutar da wanda ke kusa da kai ba. To, jami'a tana da irin maƙwabcin da ba zai iya kai ƙara ba, domin ba a haife shi ba tukuna. Ɗakin laccar da ake ginawa bana, yaran da za su zauna a cikinsa nan da shekara arba'in iyayensu ma yanzu suna firamare. Ba su da wakili a kwamiti, ba su da ƙungiya. Wanda ba ya iya kare kansa kuwa, shari'a ta fi tsananta kiyaye haƙƙinsa, shi ya sa aka tsaurara a kan dukiyar maraya.

A fahimtata, ginin jami'a ya fi kusa da waƙafi fiye da kowane irin gini. Ba na shugaban jami'a ba ne, ba na gwamnan da ya buɗe shi ba ne, ba na attajirin da aka rubuta sunansa a jiki ba ne. Dukiya ce da aka tsayar domin amfanin masu neman ilimi, na yanzu da na gaba. Da irin wannan tsari Jami'ar Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, ta rayu har yau. Malaman fikihu sun ce abin da ake fara cirewa daga kuɗin shigar waƙafi shi ne na gyara da kula da shi kansa waƙafin, kafin a raba wa kowa komai. Ma'ana, sun ɗauki ɗorewar abin a matsayin sharaɗin amfaninsa. Mai kula da waƙafi da ya gina abin da waƙafin ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, bai riƙe amana ba, ko da hannunsa bai taɓa kuɗin ba.

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini, “Ai ayyuka da niyya suke. Mai zanen nan alheri ya nufa, so yake jami'armu ta yi kyau irin na ƙasashen waje.” Gaskiya ne, kuma ba na zargin zuciyar kowa. Amma kyakkyawar niyya tana kare mutum ne a abin da ba shi da hanyar saninsa. Wanda ya ɗauki kansa gwani, ya karɓi lada a kan gwanintarsa, shari'a tana tambayarsa ilimin sana'arsa. Shi ya sa wanda ya yi wa mutane magani ba tare da sanin magani ba ake ɗora masa diyyar abin da ya ɓata, kuma shi ya sa Malikawa suka ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da ke hannunsu. Inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa ba ilimin ɓoye ba ne. Uzurin rashin sani ya fi rauni a jami'a fiye da ko'ina, domin a nan ake koyar da abin. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan. Tun 2017 kuma Najeriya ke da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan yawan gilashi a bango, da inuwar tagogi, da kare rufi daga zafi.

Ilimin ba mai tsada ba ne. Rana tana fitowa gabas a ƙasa-ƙasa, ta faɗi yamma a ƙasa-ƙasa, kuma ta yamma ita ce mai cutarwa, domin tana zuwa lokacin da iska da ƙasa suka riga suka ɗauki zafi, kuma tana shigowa a kwance yadda bakin rufi ba zai tare ta ba. Don haka dogayen ɓangarorin gini su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, a sa matakala da banɗaki da sito a gefen yamma, a dasa itatuwa a bayansu. A yankin Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana takan ɗan karkata ta arewa da tsaka, sauran watanni kuma ta kudu, saboda haka duka ɓangarorin biyu suna son baranda. Iska mai zafi sama take yi, don haka a ɗaga silin, a bar mata ƙofofin fita a can ƙoli. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare. Wannan ya dace da ɗakin lacca ƙwarai, domin da dare ba kowa a ciki, sai a bar ƙananan tagogin sama a buɗe sanyin asuba ya ratsa shi. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa hukuncinsa daban, shi yana buƙatar iska mai ratsawa da tsakar gida da baranda inda za a iya shimfiɗa tabarma a bazara. Duk wannan a takarda ake yanke shi, kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maginan ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya. Na taɓa tsayawa ina kallon wani tsohon magini yana gyaran soro a cikin birni. Bangon ya fi kamu biyu kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Tubalan a tsaye ake jera su, ƙasar kuma an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a taɓa ta. Ya nuna mini yadda ake jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa har bakan gizo ya haɗu a sama. Tagar ƙarama ce, can sama. A waje an shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin ruwa ya zame. Da tsakar rana muka shiga ciki, sai da na ji gumin jikina ya bushe. Da irin wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma masana gine-gine na duniya suna nazarinsa har yau. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon kusan mita 27, ita ma ta ƙasa ce, tana nan tsaye.

Ba sai an koma da can ba ma. A shekarun 1950, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, 'yan Ingila, sun zana gine-ginen Jami'ar Ibadan da bangaye masu huda-huda da ke tare rana su bar iska ta wuce, kamar yadda ake gani a babban ɗakin karatunta. A shekarun 1960 Arieh Sharon ya zana wasu gine-ginen Jami'ar Ife yadda kowane bene ya fi na ƙasansa faɗi, yana yi masa inuwa. Waɗannan don yanayin Kudu mai laima aka yi su, namu na Arewa mai bushewa ya fi son kauri, amma tunanin ɗaya ne: a fara tambayar rana da iska kafin a ja layi. Kusa da mu kuma, a garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala wani aiki a 2018. Sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka kuma jawo maginan gargajiya cikin aikin. Tsohon masallacin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Kudugu ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wata cibiyar koyar da fasaha da aka kammala a 2020, bangayenta na ƙasar wurin ce da aka gauraya da ɗan siminti aka zuba a ma'auni, rufinta da ƙofofin fitar da iska mai zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a. Duniya tana karrama abin da mu muke jin kunyarsa.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Duk damina muna jin labarin gidajen ƙasa da suka rushe, wani lokaci da asarar rayuka. Ginin ƙasa na gargajiya yana son yaɓe akai-akai, jami'a kuwa da ƙyar take samun kuɗin fenti. Akwai ɗakunan gwaji da na kwamfuta da na adana magunguna da dole sai da na'urar sanyi. Akwai ƙurar hunturu da ke shiga ta kowace kafa. Akwai ajin da ɗalibansa suka kai ɗaruruwa, wanda azara ba za ta iya rufe shi ba. Ba ina kira a watsar da kankare da ƙarfe ba ne. Amma gidan ƙasa da ya faɗi, in ka bincika, ruwa ne ya ci gindinsa ko ya ratsa kansa. Harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da ƙasa, da rufi mai faɗin baki, da bulon ƙasa da aka matse aka ƙarfafa da ɗan siminti, sun magance yawancin wannan. Ɗakin da ke buƙatar na'ura a ba shi na'ura, a killace shi da kyau don sanyin ya zauna. Abin da ba shi da hujja shi ne a mayar da kowane ofis da kowane aji majinyacin da ba ya numfashi sai da inji.

Wasu kuma suna cewa sola ta kawo ƙarshen wannan muhawara. Lallai ci gaba ne babba. A 2019 an buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta, kuma ina fatan kowace jami'a ta samu irinta. Sai dai batura suna tsufa, faifan yana son wanki da ruwa a ƙasar da ruwa ke wuya, kayan gyara kuma da kuɗin waje ake sayo su. Ginin da ya rage buƙatarsa tun daga zane, sola kaɗan ta ishe shi, kuma ranar da ta lalace ana iya ci gaba da karatu. Sannan akwai nauyin da gini ke ɗauka tun kafin a kunna fitila ɗaya a cikinsa. Siminti sai an gasa dutse a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, kuma masana'antarsa kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Mu da ke bakin hamada muna cikin waɗanda suka fi jin wannan ɗumama a jikinsu. Ga yashin da ake kwashewa daga koguna har gaɓa tana zaftarewa da gonakin mutane. Duk tsohon ginin da aka gyara maimakon a rushe, an tsare wannan duka.

A ganina tushen matsalar a zuciya yake. Mun ɗauki ƙasa alamar talauci, gilashi alamar wayewa. Muna so a ɗauki hoton gini a ce kamar a Dubai, alhali su can suna da kuɗin man da za su sanyaya shi. Ana yin gini domin ranar buɗewa, wadda yini ɗaya ce, a manta da dubban ranakun da za su biyo baya. Aikin da aka yi don idon mutane, malamanmu sun gaya mana sunansa da hukuncinsa. Kuma a jami'a abin ya fi haɗari, domin bango ma malami ne. Ɗalibin injiniya da ya shekara biyar yana jin lacca a kan tattalin makamashi a cikin ɗakin da ke gasa shi, zai fita da darasi biyu masu karo da juna, kuma wanda ya gani da idonsa shi zai bi. Gobe shi zai zana sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitin garinsu. Ɗalibin da ya yi karatu a ɗaki mai sanyi na bulon ƙasa, ƙarƙashin inuwar maɗaci, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abokan aikinmu Kirista ma suna da wannan a littafinsu, inda aka sa mutum a gona domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Wannan amana ce da ta haɗa duk wanda ke cikin harabar jami'a.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon shugabannin jami'o'i da 'yan majalisun gudanarwarsu, kafin su sa hannu a kan kowane zane, su yi tambayoyin da kowane mai hankali zai iya yi. Ina wannan gini ya fuskanta? In aka ɗauke wuta ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu, za a iya ci gaba da darasi a ciki? Nawa zai ci na wuta da gyara duk shekara, kuma daga ina kuɗin zai fito? Itatuwa nawa za a sare, nawa za a dasa, wa zai ba su ruwa? Ruwan saman da zai sauka a rufinsa ina za shi? Me za a iya samu na kayan gini da ma'aikata a nan kusa? A kira mutanen sashen gyara, da masu shara, da wakilan ɗalibai su ga zanen tun yana takarda. Masu zane su ji tsoron Allah su faɗa wa mai ba da aiki gaskiya, ko da gilashi yake so. Limaman masallatan jami'o'i kuma, da ke yi mana huɗuba a kan cin amana da almubazzaranci, su sani cewa wannan ma yana cikin babin. Wanda aka ba amanar gina wa ɗaliban ilimi wurin zama, ya gina musu abin da ke cutar da su alhali yana da ikon sanin mafi kyau, za a tambaye shi. Wanda kuma ya bar musu inuwa da iska da ginin da jami'a za ta iya riƙewa, ya yi sadaka mai gudana ko da ba a rubuta sunansa a bango ba. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.